Yadda Na-Kebbe Ya Sauko Daga Kan Bango

Waɗanda ke wurin a ranar zan lissafa su da bakina, don kada gobe wani ya tashi ya ce shi ma ya ji da kunnenshi. Akwai ubanku, Allah ya jiƙanshi, wanda mutane ke kira Na-Kebbe saboda can ne mahaifarshi. Akwai yayanshi, Baffa Alu, shi ma Allah ya yi mishi rahama. Akwai limamin wani ƙauye da ke gaba da Fakku, wanda ubanku ke gina ma jama'arshi masallaci a shekarar. Akwai babbanku, ɗana na fari, da bakina bai kiran sunanshi, da ƙanenshi Umaru. Ɗiyata Nana tana bakin ƙofar cikin gida da faifai a hannu, wai tankaɗe take yi. Sai ni, Kulu. Kuma ba a zaure anka yi maganar ba kamar yadda nike jin ana faɗi. A filin nan anka yi ta, tsakanin zaure da cikin gida, inda ubanku ke shanya tubali.

Abin da ya sa na ɗauko zancen da tsufana shi ne, a sunan da anka yi gidan Umaru bara, ina zaune cikin mata na ji wani jikana yana gaya ma baƙuwa cewa ai Kaka ce ta sauke Baba Tsoho daga bango, ta tona mishi asiri gaban baƙo, baƙin cikin haka ya kwantar da shi. Yaro bai ƙera irin wagga magana. A bakin uba ko uwa ya tsince ta. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla. Faɗi nike ana rubutawa, kuma na ce a karanta mani in ji, kada a gyara mani ko kalma ɗaya don a faranta ma wani.

Ku da kunka tashi cikin bulo da kwano ba ku san ko wane ne ubanku ba. Gini gadonshi ne, wurin tsohonshi ya koya can Kebbe. Wani mai fataucin fatu ne ya kira shi Tambuwal ya yi mishi zaure, mutane sunka gani, daga nan bai sake samun sukunin komawa gida ba, har anka kawo ni. Bai taɓa zana gida a takarda ba. In an nuna mishi fili, sai ya wuni zaune a wurin bai taɓa komai ba, yana tambayar tsofaffin matan unguwa ina ruwa ke bi da damina, ta ina iska ke kaɗo shi. Sannan ya tashi ya ja layi da babban yatsan ƙafarshi, ya ce a haƙa nan. Ƙofar ɗakinshi kullum tana ba gabas baya. Tagarshi ƙarama ce, can sama, shi ya sa in ka shiga soronshi da tsakar bazara sai ka ji kamar ka sa ƙafa cikin randa. Azara kuwa bai yarda a sayo mishi a kasuwa. Da kanshi yake shiga dajin Kebbe ya ƙwanƙwasa giginya ya ce wagga, ba waccan ba. Wanda ya ce mishi yana sauri, sai ya ce to ga masu sauri can, ya naɗe tabarmarshi. Daga nan har Dogon Daji, har ƙauyukan da mota ba ta shiga, mutum na iya tsayawa daga nesa ya nuna zaure ya ce wancan hannun Na-Kebbe ne. Kuma duk wannan ba igiya, ba ma'auni. Yana zaune kan bango kamar mai hawan jaki, ƙafa nan ƙafa can, ana jefo mishi tubali daga ƙasa yana cafewa yana jerawa, jefi-jefi ya rufe ido ɗaya ya dubi tsawon bangon. Idon nan shi ne dukkan kayan aikinshi.

Ni kuma nawa aikin daɓe ne. In maza sun gama sun fita, ni ke tara mata, a zuba birji, wato ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, mu durƙusa da madaɓi muna bugu muna waƙa har ƙasa ta kwanta, sannan a shafe da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ta yi ƙyalli. Babu ginin ubanku da ban durƙusa cikinshi ba. Saboda haka kada wani ya ce mani mace ba ta san gini ba. Shi daga sama yake kallon aikinshi, ni daga ƙasa nike kallonshi, kuma mai zama cikin ɗaki daga ƙasa yake kallo.

Tun ana cikin girbi na fara lura. Zai miƙa hannu ga moɗa ya kama gefenta. Mutum ya shigo zaure, ba zai kira sunanshi ba sai ya yi sallama. Ya daina sa zare a allura da kanshi, shi da ko maɓallin rigarshi bai yarda in ɗinka mishi. Na ga fari-fari yana taruwa a baƙin idon, na yi shiru, don tsufa ba laifi ba ne. Abin da ya tayar mani da hankali daga bakin Dije ya fito, wata Bafillatana mai kawo mani nono, wadda danginta ke cin rani kusa da ƙauyen da ake masallacin. Ta sauke ƙwaryarta tana dariya.

"Kulu, maginan gidanku sabuwar waƙa sunka samo? In na wuce sai in ji: Baba, dama. Baba, hagu. Baba, ga shi nan. Da kam shiru suke aiki, sai ƙarar laka."

Ita ta yi ta dariyarta, ni ban yi ba. Mutumin da ke cafe tubali yana hira da wani a bayanshi, yau sai an gaya mishi ta ina zai zo.

Al'ada ce kafin a rufe gini a kai ni in ga faɗin ƙasa, in san yawan birji da makuba da za a tanada. Umaru ya ɗauke ni bisa mashin. Ranar ubanku ya shiga daji duba azara tare da babbanku, ba kowa a wurin. Na shiga na zauna tsakiya kamar yadda na saba, na ɗaga kai. Rufin irin wanda ake kira ɗaurin guga ne: ƙafa fuɗu ke tasowa, kowace daga bangonta, ana ɗaura azara kan azara ana lulluɓewa da laka, suna lanƙwasowa har su haɗu a tsakiya su ɗauki nauyin rufin gaba ɗaya. Ta gabas da ta yamma sun haɗu lafiya. Ta arewa kuwa ta nufi wani wuri, ta kudu ta nufi wani, za su wuce juna. Wani ya ga haka, maimakon ya faɗa, sai ya ɗebo laka ya yi ta ciko a gefe har abin ya yi kamar ya miƙe. Laka zalla, ba itace cikinta. Na san sawun yatsun ubanku a laka kamar yadda na san tafiyarshi, kuma wannan ba nashi ba ne. Na babbanku ne.

"Umaru, zo nan. Mi ne ne wancan?"

Ya tsaya yana duban takalminshi.

"Inna, Yaya ya ce in an yaɓe ba mai ganewa."

"Ruwan sama fa? Shi ma kun yi magana da shi?"

A hanya na matsa mishi har ya faɗa mani sauran, kuma sauran nan shi ne abin da har yau ban manta ba. Ubanku ya san idonshi ya rage. Bai ɓoye ma ɗiyanshi ba. Kullum in ya ɗaura azara sai ya ce, ku duba mani, ta tafi daidai? Su kuma su ce daidai, Baba. Ya ari idonsu don nashi ya gaza, sunka ba shi na ƙarya. Ku riƙe wannan, ku masu cewa ni na ci mishi mutunci.

Ban fara da taron jama'a ba, wannan ma a rubuta. Ubanku na fara samu, da na kai mishi abinci bayan azahar.

"Malam, ƙafar arewa ta kauce."

"Wa ya gaya miki?"

"Idona."

"Yara sun duba, sun ce daidai take. Kulu, ke da ƙasa, ni da sama. Haka munka yi tun farko, kada ki sauya mana da tsufa."

Ya jawo kwanon, ya nuna mani an gama magana. Na koma kan babbanku. Shi bai musa ba, wayo ya so ya yi mani.

"Inna, in anka ji Baba bai gani, wa zai sake kiranmu? Sunanshi muke ci. Masu bulo jira suke mu yi tuntuɓe. Bari a rufe wanga ɗaya, wallahi ni da kaina zan kai shi Sakkwato a duba idon."

"Mutane za su sa goshi ƙarƙashin abin nan."

"Zai tsaya."

"Har yaushe?"

"Inna, komi na Allah ne."

"Lakar da ka cusa ma ta Allah ce, amma hannunka na gani a kanta."

Na san yana da iyali, na san bakunan da ke jiranshi. Ni na haife shi, ba sai an gaya mani ba. Na ba shi kwanaki ya je ya faɗa ma ubanshi da bakinshi, don in daga ɗa ta fito, a gida za ta mutu. Na jira. Kullum da safe su hau mashin su tafi, da yamma su dawo, ina jin ubanku daga soro yana cewa aiki ya kusa, babbanku yana amsawa da in sha Allahu.

Sai ga Liman ya zo da hantsi, ya kawo goron daɓe. Ga wanda bai sani ba, mai gini ne ke kawo ma uwar daɓe goro, in ta karɓa ta ɗauki alkawari ke nan, za ta rarraba ma mata a sa rana. Anka shimfiɗa mishi tabarma a filin tubali, Baffa Alu ya zo taya karɓar baƙo, anka aika a kira ni. Na yafa mayafi na durƙusa daga gefe munka gaisa. Liman dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce jama'a sun ƙosa, suna son su yi sallar farko a ciki kafin ruwa ya sauka, har mutanen ruga sun ce za su kawo nono ranar daɓe. Ya turo ƙullin goron gabana. Na dubi babbanku, na ba shi dama ta ƙarshe. Ya kau da kai yana kallon darbejiya.

"Allah gafarta Malam, ka yi haƙuri. Ba ni karɓa."

Liman ya zaci goron ne ya yi kaɗan, ya fara ba da haƙuri.

"Ba goro ba ne, Malam. Ba ni shigar da ɗiyan mutane ƙarƙashin rufin nan. Ni ma ba ni shiga."

Baffa Alu ya yi wata dariya ta hanci.

"Ikon Allah. Kulu, yaushe anka naɗa ki sarautar magina ba a gayyace mu cin tuwo ba?"

Tun da anka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar mishi da magana ba. Ranar na mayar.

"Yaya, ba a naɗa ni ba. Amma in rufi ya zo ƙasa, mai durƙuso yake fara samu, ba mai sarauta ba."

"Tsohuwa ta fara ruɗewa, Malam, kada ka kula ta. Ƙanena ya yi gini tun ba a yaye ta ba."

Sai lokacin ubanku ya sa baki. Ya juyo da fuskarshi wajen muryata.

"Kulu, gaban baƙo?"

"Ai na faɗa maka lokacin da babu baƙo, Malam."

"Yara sun duba."

"To a tambayi yaran."

Babbanku ya ce aiki lafiya yake, idon Baba ma lafiya yake, ɗan hazo ne irin na manya. Da ya tsaya ga aikin kaɗai, wataƙila da na nemi wata hanya. Amma ya ce idon lafiya yake, gaban mutumin da ya san ba lafiya yake ba, don ya rufe bakina da kunyar ubanshi. Na tashi na ɗauko tubali ɗaya busasshe daga cikin shanya, na sa mishi a hannu.

"Ga ubanka nan zaune. Jefa mishi. Kada ka ce dama, kada ka ce hagu."

Ubanku ya gyara zama, ya buɗe tafukan hannunshi bisa gwiwa kamar yadda yake yi kan bango. Wallahi shirye yake ya cafe. Babbanku ya tsaya da tubalin, ya ɗaga shi kaɗan, ya dubi fuskar tsohon. Tubali busasshe in ya sami mutum a goshi ba wasa ba ne, ya fi kowa sani. Faifan Nana ya daina motsi. Can sai babbanku ya sunkuya ya ajiye tubalin a ƙasa a hankali, amma ubanku ya ji.

"Ka aje?"

"Na aje, Baba."

"Ƙafar arewa fa?"

Umaru ne ya amsa, da murya kamar ta mai zazzaɓi.

"Ta kauce, Baba. Tun ɗauri na biyu."

Ubanku ya rufe hannuwanshi. Liman ya jawo goronshi ya mayar aljihu, ya ce masallaci ɗakin Allah ne, Allah kuwa bai gaggawa, ya yi addu'a ya tashi. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin maganar ta fito daga bakinshi ba. Baffa Alu ya raka shi yana ta faɗa a zaure, wai an bar mata sun hau kan maza a gidan nan. Ubanku ya miƙe ya nufi soronshi, ya sa hannu yana bin bango, abin da bai taɓa yi ba in da mai kallo.

Yanzu ku ji abin da ya biyo baya, don ban ce ba a yi asara ba. Magana ta fita, don masu kwaɓa ƙasa suna da baki. Ruwa ya matso, mutanen ƙauyen ba su iya jira ba, sunka kira wasu sunka ɗora kwano bisa bangon ubanku. Daga baya an kai shi Sakkwato an cire yanar da ta rufe mishi gani, ido ɗaya ya buɗe, amma kafin nan an riga an saba cewa Na-Kebbe ya makance, ba wanda ya sake sallama da maganar gini. Damina guda yana cin tuwona bai ce mani komai ba sai sannu. Babbanku ya kwashe iyalinshi ya koma wata unguwa ya kama kabu-kabu, wato haya da mashin, ya daɗe ba ya taka gidan nan sai da Salla, ya gaishe ni daga tsaye. Mata sunka rage kirana daɓe, wai bakina na da kaifi, kafin siminti ya zo ya kashe sana'ar gaba ɗaya. Duk na sha wannan, ban kai ƙara wurin kowa ba. Ciwon da ya kwantar da ubanku kuwa ya zo ne bayan shekaru, kuma ni ce ke juya shi a shimfiɗa, ba masu ba da labari ba. Yau in baƙi sun zo da wayoyinsu suna ɗaukar hoton zauren nan da ya gina a Dogon Daji, ku da ɗiyanku ne ke gaba kuna cewa ubanmu ne, kakanmu ne, gininshi bai taɓa faɗa ma kowa ba. Gaskiya ne, bai taɓa ba. To ku zauna ku tambayi kanku, da an rufe wancan masallacin an yaɓe, damina ta jiƙa lakar nan ana cikin sahu, da wane suna za ku yi taƙama da shi yau, kuma wa zai iya zama garin nan cikinku.

Washegarin ranar da Liman ya zo, da na idar da salla na ɗumama tuwo, na shiga ɗakin kayanshi na ɗauko gizagon da yake sassaƙar azara da shi, na naɗe cikin zane. Na yafa farin mayafi, don fari yana iya hange. Na tsaya bakin soro.

"Malam, tashi mu tafi."

"Ina?"

"Ka duba aikinka."

"Da wane ido?"

"Da hannu."

Sai na ji yana laluben takalmi. Ba mu gaya ma kowa ba. Munka shiga mota zuwa Kebbe, daga can wata ta sauke mu bakin hanya, sauran munka taka. Ni ce gaba yana bin farin mayafin, ni da ban taɓa shiga gabanshi a hanya ba, wanda ya gan mu zai ce tsohuwa ce mai rashin ta-ido. Da munka isa na jingina tsani jikin ƙafar arewa na riƙe. Ya hau a hankali, ya bi ta da tafin hannu tun daga bango, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Inda akwai azara ƙarar daban, inda babu daban. Ya kai wurin cikon ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa, ya tsaya.

"Kulu, kin zo da wani ƙarfe?"

Na kwance zanen na miƙa mishi.

"Matsa, za ta zubo miki."

"In na matsa wa zai riƙe tsanin?"

Ya ɗaga gizagon. Lakar ta yi ta zubowa bisa kaina da kafaɗuna, guntu-guntu, wani da nauyi, har farin mayafin ya koma ja. Ina riƙe da tsanin har ya kai ga itace.